Ranar da Tankin Ruwan Zafi Ya Mutu: Yadda Garuruwan Karkarar Ostireliya Ke Barin Gas

A ranar 25 ga Satumba 1998, gobara mai ƙarfi ta tashi bayan fashewar wani sashe na matatar gas ta kamfanin Esso da ke Longford, a jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya. Ma'aikata biyu suka rasu, takwas suka jikkata, aka rufe bututun da ke shayar da kusan dukkan jihar. Gidaje fiye da miliyan ɗaya suka yi kimanin mako biyu babu gas. Girki dai an yi masa dabara, amma wanka ya gagara. A can kudancin duniya hunturu yana kamawa ne daga Yuni zuwa Agusta, don haka ƙarshen Satumba sanyi bai gama sakin gari ba. Mutane suka koma dafa ruwa a butar lantarki suna juyewa a bokiti, wasu kuma suka riƙa zuwa wanka gidan 'yan'uwa masu tankin lantarki. A lokacin ne jama'a da yawa suka fara lura cewa ruwan zafin da ke zubowa daga famfonsu ya rataya ne a kan matata guda ɗaya.

Dalilin wannan dogaro yana da tarihi. A 1965 kamfanonin Esso da BHP suka gano gas a ƙarƙashin tekun Bass, wanda ya raba Biktoriya da tsibirin Tasmaniya, kuma a 1969 ya fara isa gidaje. Ya zo da araha ƙwarai, har jihar ta zama kan gaba a ƙasar wajen amfani da gas a cikin gida, da kimanin gidaje miliyan biyu a kan bututu. Yanzu rijiyoyin sun tsufa, abin da suke fitarwa yana raguwa, kuma hukumar da ke kula da kasuwar makamashi ta ƙasar ta sha yin gargaɗin cewa ana iya fuskantar ƙarancin gas a jihohin kudu kafin ƙarshen shekarun 2020. Tun da aka fara fitar da gas zuwa ƙasashen waje daga tashar Gladstone a 2015, farashin cikin gida ya fara bin na kasuwar duniya. Arahar da aka gina gidajen a kanta ta tafi.

Ruwan zafi shi ne wurin da wannan al'amari ya fi taɓa aljihun kowa. A gidan Ostireliya, dafa ruwa na cinye abin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makamashin da ake amfani da shi, kuma ɗumama ɗaki da sanyaya shi ne kawai suka fi shi ci. Lissafin ba shi da wuya. Iyalin da ke buƙatar lita 200 a rana, in za a ɗaga ruwan daga digiri 15 zuwa digiri 60, ana buƙatar zafin da ya kai yunit goma da rabi na lantarki. Tsohon tanki mai ƙarfen hita a ciki sai ya sha wannan yunit goma da rabin cif, har da ɗan ƙari na zafin da ke sulalewa ta jikin tanki. Kowace rana haka, rani da hunturu. Digiri 60 ɗin ma ba zaɓi ba ne: ƙa'idar aikin famfo ta ƙasar ta wajabta shi don kashe ƙwayar cutar Legionella da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi, sannan a sa wani bawul da ke sirka ruwan ya sauko digiri 50 kafin ya isa banɗaki, don kada ya ƙone yara da tsofaffi.

Na'urar da ake komawa gare ta ita ce injin zuƙo zafi daga iska. Duk wanda ya taɓa kai hannu bayan firji ya ji ɗumi ya riga ya san aikinta: firji yana kwashe zafi daga cikinsa ya watsar a waje, ita kuma tana kwaso zafi daga iskar waje ta zuba shi cikin ruwan tanki. Fanka ce ke jawo iska ta bi ta kan siraran bututai masu ɗauke da wani sinadari da ke tafasa ko da a cikin sanyi. Sinadarin ya zama tururi, kwamfuresa ta matse shi har ya yi zafi sosai, ya miƙa zafin ga ruwa, ya huce, ya sake zagayowa. Lantarkin da ake biya na juya kwamfuresa da fanka ne kawai. Zafin kansa daga iska yake, kuma babu mai karɓar kuɗinsa. Shi ya sa yunit ɗaya na wuta ke samar da zafin yunit uku zuwa huɗu. Lita 200 ɗin nan da ta ci yunit goma da rabi, da wannan na'ura yunit uku ko ƙasa da huɗu sun isa.

Akwai wata hanya da ta riga wannan, wato dafa ruwa da zafin rana kai tsaye, inda ake shimfiɗa baƙin faranti mai bututai a kan rufi, tanki yana kwance a samansa, ruwan da ya yi zafi ya hau da kansa ba tare da injin turawa ba. Ostireliya na cikin ƙasashen da suka fara inganta ta: injiniya Roger Morse na hukumar binciken kimiyya ta CSIRO ya yi aiki a kanta tun shekarun 1950, kamfanin Solahart na birnin Perth kuma ya mayar da ita kayan kasuwa. Masu karatu a Nijar sun san wannan fasaha ta hannun Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, domin cibiyar makamashin rana da ya jagoranta ta ƙera irin waɗannan tankuna shekaru da dama da suka wuce. A ƙasar da rana ke da ƙarfi duk shekara kuma wutar lantarki ba ta tsayawa, har gobe wannan ce hanyar da ta fi dacewa. Amma a kudancin Ostireliya ta gamu da cikas biyu. Da hunturu rana ba ta wadatarwa, dole a tallafa wa tankin da gas ko hita a daidai watannin da aka fi buƙatar ruwan zafi, kuma a garuruwan tudu ruwa kan daskare cikin bututu ya fasa shi. Da farantan sola masu samar da lantarki suka faɗi warwas a farashi, mutane suka ga gara su cika rufin da su, su bar injin zuƙo zafi a ƙasa ya sha daga wutar.

Nan ne labarin ya ɗauki wani salo da mutane kaɗan suka hango. Yau kusan gida ɗaya cikin uku a Ostireliya yana da sola a rufi, sama da gidaje miliyan huɗu. Da tsakar rana wuta tana yin yawa har ta rasa mai saye. Waɗanda suka shiga tsarin Biktoriya na 2009 an riƙa biyansu santi 60 a kan kowane yunit da suka tura wa layin wuta. Wannan tsari ya ƙare a Nuwamba 2024, kuma a shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025 mafi ƙarancin abin da hukuma ta ƙayyade santi 3.3 ne kacal. A waccan shekara mai gida ya riƙa sayar da yunit a wannan kuɗi da rana, da dare ya saye shi a ninkinsa kusan goma. Hankali ya nuna a kashe wutar a gida. Sai a saita agogon na'urar ta tashi da hantsi ta gama kafin la'asar, lokacin da wutar ta fi araha kuma iskar ta fi ɗumi, ruwan ya kwana da zafinsa a tanki har wankan safe. A da akasin haka ake yi: tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce ana kunna tankuna da tsakar dare a farashi mai rahusa, don tashoshin kwal na kwarin Latrobe ba sa son a rage musu wuta idan gari ya yi barci. Tankin ruwan zafi ya daɗe yana yi wa layin wuta hidimar ajiya; lokacin hidimar ne ya koma daga dare zuwa rana.

Duk wannan a kan takarda ne. A ƙasa, musamman a ƙananan garuruwa, abin ya fi haka sarƙaƙiya.

Garuruwan karkara da yawa bututun gas bai taɓa isa gare su ba. Suna amfani ne da manyan tukwanen gas masu kilo 45 da mota ke kawowa, waɗanda suka fi gas ɗin bututu tsada nesa ba kusa ba, ko kuma tsohon tankin hita. Gidajen sun fi tsufa, kuɗin shiga ya fi ƙanƙanta, sanyi a cikin ƙasa ya fi na bakin teku cizo. Ke nan su ne za su fi kowa cin ribar sauyin. Amma su ne kuma suka fi nisa da kantin da ke da kayan, da mai aikin famfon da ya iya ɗaura su, da wanda zai zo gyara in abu ya lalace.

Babbar matsalar kuwa ita ce ranar da ake yanke shawara. Tankin ruwan zafi kan yi shekara goma zuwa goma sha biyar yana aiki a bayan gida babu mai waiwayarsa. Wata safiya sai a tarar ya tsage yana yoyo, ko shawa ta zubo da ruwa mai sanyi ƙarara. Akwai yara da za su tafi makaranta, wataƙila akwai tsohuwa marar lafiya. Mai gida ya kira mai aikin famfo, shi kuma ya ce yana da irin tsohon a mota, zai iya ɗaurawa kafin azahar. Sabuwar na'urar sai an yi oda, sai an nemo mai aikin lantarki ya ja layi, sai an cike takardun tallafi. Babu wanda zai zargi mai gidan in ya ce a sa abin da ke akwai. Amma da wannan kalma ɗaya ya ɗaure gidansa ga tsada na wasu shekaru goma sha. Mafi yawan tankuna a irin wannan rana ake sauya su, cikin gaggawa, kuma duk wani shiri da bai yi tanadin wannan rana ba ya bar aikin a baya.

Abin da garin Yackandandah ya gane ke nan. Ƙaramin gari ne a arewa maso gabashin Biktoriya, kusa da Wodonga, wanda masu haƙar zinariya suka kafa a shekarun 1850, mutanensa kimanin dubu biyu. Suna da al'adar ɗaukar nauyin kansu: da gidan mai ɗaya tilo na garin ya tashi rufewa a farkon shekarun 2000, mazauna suka haɗa hannun jari suka kafa kamfanin da ya ci gaba da sayar musu da mai. A 2014 wasu 'yan sa-kai suka kafa ƙungiyar Totally Renewable Yackandandah da burin garin ya dogara kacokan ga makamashi mai sabuntuwa zuwa 2022. Wannan wa'adi ya wuce ba a kai ga cikar burin ba, amma an yi nisa: fiye da rabin rufin garin na ɗauke da sola, a 2021 aka kafa batirin al'umma mai ɗaukar yunit 274, kuma daga wannan yunƙuri ne kamfanin wuta na jama'ar yankin, Indigo Power, ya samo tushe. Tun da wuri ƙungiyar ta sa ruwan zafi a gaba, don ta lura cewa rage wutar da gari ke sha ya fi ƙara farantai sauƙi da araha.

Hanyar da irin waɗannan ƙungiyoyi ke bi, a Yackandandah da sauran garuruwa kamar na yankin Hepburn da Castlemaine, ita ce sayen sari. 'Yan sa-kai su zauna su tantance na'urori, su zaɓi ɗaya ko biyu da suka tabbatar suna jure sanyin yankin, su daidaita farashi da dillali, su ɗauko mai aikin famfo na yankin wanda kowa ya san gidansa, sannan su kira taro a zauren gari. Ragin kuɗin da sari ke kawowa yana da amfani, amma ba shi ne ginshiƙin abin ba. Ginshiƙin shi ne mutum ya ji bayani daga bakin maƙwabcin da ba ya neman sayar masa da komai, ya je ya ga na'urar a bayan gidansa, ya saurari ƙarar fankarta, ya duba takardar kuɗin wutarsa ta bara da ta bana. Daga nan sai ya duba shekarun tankinsa, in ya haura goma ya sauya shi tun yana da rai, a ranar da ya zaɓa da kansa. Wanda bai shirya ba ma aƙalla ya san lambar da zai kira da abin da zai ce a kawo masa.

Wannan amana tana da tsada saboda an sha cin ta. Na'ura mai inganci, haɗe da kuɗin ɗaurawa, kan ninka farashin tankin gargajiya sau biyu ko uku, don haka gwamnatoci suka sa tallafi. Gwamnatin tarayya na bayar da takardun rangwame a ƙarƙashin wani tsari da zai ƙare a 2030. Biktoriya ta ƙara nata biyu: shirin Solar Homes na 2018, wanda ya fara da biyan rabin kuɗi har zuwa dalar Ostireliya 1,000 ga gidaje masu matsakaicin samu, da shirin Victorian Energy Upgrades. In an haɗa su, farashin na'ura mai araha kan sauko ƙasa ƙwarai. Inda kuɗin gwamnati ya taru kuwa, 'yan ci-da-gumin-wasu ba sa nisa. Kamfanoni suka bazu suna ƙwanƙwasa ƙofofi da damun mutane ta waya, suna tallar na'ura kusan kyauta. Aka ɗaura wa manyan iyalai ƙananan tankuna, aka kafa injuna masu ƙara a gindin tagar ɗakin kwana, aka yi aikin famfo na ganin dama, wasu kamfanonin kuma suka ɓace kafin a neme su gyara. A 2024 gwamnatin jihar ta haramta tallan waya daga watan Mayu da na ƙofa-ƙofa daga Agusta a ƙarƙashin shirin, daga baya ta wajabta garanti na shekara biyar da kuma wani kaso da mai gida zai biya daga aljihunsa. Matakan sun yi daidai, sai dai sun zo bayan ɓarna. A birni mummunan aiki ɗaya kan ɓace cikin taro. A garin mutum dubu biyu, tanki ɗaya da ya bar iyali da ruwan sanyi a watan Yuli ya isa ya sa unguwa guda ta ja baya.

Bambancin na'urorin gaskiya ne, kuma a garuruwan sanyi ya fi fitowa. Yayin da iska ta yi sanyi sosai, zafin da za a zuƙo yana raguwa, wasu na'urori masu araha sai su koma kan hitar da aka ɓoye a cikinsu, su sha wuta kamar tsohon tanki. Waɗanda ke aiki da iskar kabon dayokzayid a matsayin sinadarin zagayawa, fasahar da Japan ta fito da ita kasuwa a 2001 da sunan EcoCute, suna ci gaba da aiki ko da ruwa na daskarewa a waje, amma sun fi tsada. Sinadarin yana da wani muhimmanci kuma: tsohon nau'in R134a, in ya tsiyaye, kilo ɗaya nasa na ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na kabon dayokzayid, shi ya sa sababbin na'urori ke komawa ga kabon ɗin kansa ko furofen. Mai gida shi kaɗai ba zai iya tantance duk wannan a tsaye a bakin ƙofa ba.

Masu shakka suna da hujjojin da suka cancanci amsa. A karkara guguwa da gobarar daji kan katse wuta na kwanaki, kuma mutum na jin tukunyar gas a bayan gida ta fi ba shi kwanciyar hankali. Gaskiya ne gidan da ya koma lantarki kacokan ya sa komai a kan waya ɗaya. Sai dai tanki mai rufi mai kyau na riƙe zafi yini guda ko fiye, kuma yawancin na'urorin gas na zamani masu dafa ruwa nan take su ma ba sa tashi sai da lantarki. Wasu kuma na cewa ai wutar Biktoriya har yanzu fiye da rabinta daga kwal take. Wannan ma gaskiya ne, amma na'urar da ke shan kashi ɗaya cikin uku na wuta, a tsakar rana da sola ta cika layi, ba kwal take ƙonawa sosai ba. Tashar Hazelwood ta rufe a 2017, an tsara rufe Yallourn a 2028, jihar kuma ta sa wa kanta dokar kai wa kashi 95 cikin 100 na makamashi mai sabuntuwa zuwa 2035. Tankin da aka ɗaura yau zai riski wannan lokaci.

Abin da ya fi damun mai nazarin lamarin shi ne waɗanda za a bari a baya. Kusan gida uku cikin goma a ƙasar na haya ne. Mai gida ke sayen tanki, ɗan haya ke biyan kuɗin wuta, don haka mai gidan ba shi da abin da zai ja shi ya sayi mai tsada. Ga kuma kuɗin kula da bututun gas, wanda ake raba wa duk masu amfani da shi: kowane gida na biyan kuɗin haɗi na kullum ko ya kunna ko bai kunna ba. Duk mai halin da ya yanke gas ya fita, kasonsa na komawa kan waɗanda suka rage, kuma waɗanda ke ragewa su ne 'yan haya, 'yan fansho da marasa ƙarfi. A ƙaramin gari wannan lissafi na saurin kai wa bango. Garin Esperance da ke gaɓar kudu ta jihar Yammacin Ostireliya, kimanin kilomita 700 daga Perth, ya gani da idonsa: kamfanin da ke da bututun ya ce ba zai ci gaba ba, aka rufe shi a Maris 2023, gwamnatin jihar ta ware dala miliyan 10.5 ta ɗora wa kamfanin wuta na Horizon Power aikin sauya kayan gidaje da shaguna kusan ɗari huɗu. An yi shi gida-gida, kuma mafi yawan gidajen lantarki suka zaɓa. Ya yiwu ne saboda an ba da lokaci, an ba da kuɗi, kuma akwai wanda aka ɗora wa alhakin bin kowace ƙofa.

Biktoriya ta zaɓi hanyar doka. Daga 1 ga Janairu 2024, sababbin gidaje masu buƙatar izinin tsara gini ba a haɗa su da bututun gas. A tsakiyar 2025 gwamnati ta sanar cewa daga 1 ga Maris 2027, tankin gas na bututu da ya mutu har ba ya gyaruwa, a gidan mai shi ko na haya, da na lantarki za a maye shi, tare da sassauci ga gidajen da aikin zai yi wa tsada fiye da kima. Wannan ya kai ga ɗan haya, wanda sayen sari bai cika isa gare shi ba. Amma doka ba ta ajiye na'ura a motar mai aikin famfo, ba ta koya masa aikin, kuma ba ta ba wa ɗan fansho rancen cike giɓin farashi a safiyar da tankinsa ya tsage. Waɗannan sai majalisun ƙananan hukumomi, makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin gari sun tashi a kansu kafin ranar ta zo. Wasu garuruwan ma ba su da wannan sararin: a watan Agusta 2025 kamfanin Solstice Energy ya sanar cewa zai rufe bututun gas a garuruwa goma na karkarar jihar, ciki har da Swan Hill, Kerang, Maldon da Lakes Entrance, kafin ƙarshen 2026, abin da ya shafi gidaje da wuraren sana'a fiye da dubu ɗaya, kuma kowannensu sai ya zaɓi tsakanin tukunyar gas ta mota da lantarki.